Umaru Ganda: Ɗan Dakon Abijan Da Ya Ɗaga Sunan Nijar A Silima

Ran 1 ga Janairu 1981, jama'a suna cikin hidimar sabuwar shekara, sai labari ya bazu a birnin Yamai cewa Allah ya yi wa Malam Umaru Ganda rasuwa. Ciwon zuciya ne ajalinsa, yana da shekara 45. A Nijeriya ba kowa ya san sunan nan ba, ko da a cikin masu sha'awar wasan kwaikwayo, alhali kuwa shi ne mutumin da ya fara cin babbar kyautar silima ta ƙasashen Afirka, kuma maƙwabcinmu ne na kusa.

An haifi Umaru a Yamai cikin 1935. Bazabarme ne. Ya yi makarantar firamare, amma karatun bai yi nisa ba, don yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, cikin 1951. A lokacin Faransawa suna fama da yaƙi a ƙasashen da suke mulki a gabas mai nisa, watau Biyetnam da Lawos da Kambodiya, kuma kamar yadda Ingilishi suka kwashi samarinmu zuwa yaƙin Bama, haka su ma suka kwashi na Nijar da Senegal da sauran ƙasashen da ke hannunsu. Umaru ya yi shekara biyu a can. Cikin 1954 aka ci Faransawa da yaƙi a Dien Bien Phu, cikin 1955 kuma aka sallame shi, ya komo gida yana ɗan shekara 20, ba sana'a, ba aikin yi.

Da zaman Yamai ya gagara, sai ya bi sahun 'yan ci-rani zuwa bakin teku. Ya sauka Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, ya zauna a unguwar Treichville inda baƙi suke taruwa, yana dako a tashar jiragen ruwa, ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a yi haƙuri. A nan ne ya gamu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, injiniyan hanya ne da fari a Nijar, daga baya ya koma nazarin al'adun mutane yana ɗaukarsu a fim. Rouch yana binciken 'yan ci-ranin Nijar ne, sai ya ɗauki Umaru aikin ƙidayarsu da yi musu tambayoyi. To, daga ƙidaya sai magana ta koma silima.

Fim ɗin da suka yi, wanda ya fito cikin 1958, sunansa Moi, un Noir, watau "Ni, Baƙar Fata". Yadda aka yi shi abin a tsaya a duba ne. Na'urar Rouch ƙarama ce, da hannu ake wana ta, ba ta ɗaukar murya, saboda haka aka bi samarin nan ana ɗaukar hotonsu kurum, a wurin dako, a gidan rawa, a bakin ruwa. Ba a rubuta musu abin da za su faɗa ba. Bayan an harhaɗa hotunan sai aka zaunar da Umaru gaban majigi, aka ce ya yi ta magana yadda ransa ya ba shi. Ya kuwa yi. Ya yi ba'a, ya yi ƙorafi, ya yi mafarkin zama zakaran dambe da mallakar mota, ya kuma faɗi zafin talauci ba tare da kunya ba. A fim ɗin ya ɗauki sunan Edward G. Robinson, wani shahararren ɗan wasan Amurka, abokinsa kuma ya zama Eddie Constantine, don su samarin Treichville a gidan silima suke samo laƙabinsu, kamar dai yadda samarin Kano da Maiduguri suka riƙa ɗaukar sunayen 'yan wasan Indiya.

Wurin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai shi ne na ƙarshe, inda yake tafe a gefen ruwa da wani yaro yana ba shi labarin yaƙi, yana kwatanta jifa da gurneti, yana faɗuwa ƙasa kamar wanda harsashi ya samu. Ba koyon wannan ya yi a makarantar wasa ba, abin da idonsa ya gani ne.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa cikin 1958, matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, suka yi ta yabonsa, har suka kwaikwayi salonsa. Amma fa sunan da aka rubuta a kan kyautar na Rouch ne. Murya ta Umaru ce, rayuwa tasa ce, wahalar ma tasa ce, mai na'ura shi ya tafi da yabo. Ba Umaru kaɗai abin ya dama ba. Usman Sembene na Senegal ya taɓa gaya wa Rouch a gaban idonsa cewa yana kallon mutanen Afirka ne kamar mai nazarin ƙwari. Duk da haka ba za a hana Rouch hakkinsa ba, shi ya buɗe wa Umaru ƙofa, ya kuma sāke sa shi a wani fim, La Pyramide humaine, na 1961.

Bayan Nijar ta sami mulkin kai cikin 1960, Umaru ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu koyon aikin silima a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda Mustafa Alasan shi ma ya yi tashe. A nan ya rubuta labarin kansa da kansa, ya shirya shi, ya kuma fito a matsayin jarumin. Sunan fim ɗin Cabascabo, tsawonsa minti 45, da Zabarmanci. Labarin wani soja ne da ya komo daga yaƙin gabas da kuɗin sallama a aljihu. Abokai suka kewaye shi, maroƙa suka yi ta wasa shi, mata suka yi ta fara'a, shi kuwa yana ta rabo. Ran da kuɗi suka ƙare, sai kowa ya kama gabansa. Ya nemi aiki bai samu na kirki ba, wanda jiya ake sara masa yau ana yi masa tsawa a wurin lebura, daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi gona. Duk wanda ya zauna da mazan jiya ya ji irin wannan labari a bakinsu. Cikin 1969 aka nuna fim ɗin a bikin silima na Cannes a Faransa, a shekarar kuma ya sami kyauta a Mosko.

Fim ɗinsa na biyu ya taɓo inda ya fi zafi. Le Wazzou polygame labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka, ya sa ido a kan wata yarinya da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya yi amfani da dukiyarsa ya aure ta ta uku. Kalmar wazzou ita ce wa'azi a bakin Zabarmawa, kuma abin da Umaru yake nuni da shi ke nan, mai wa'azin da aikinsa ya saɓa wa bakinsa. Matar Alhaji ta biyu, da kishi ya rufe mata ido, ta shirya kashe amarya, sai tsautsayi ya faɗa kan ƙawar amarya. Cikin 1972, da aka fara gasa a bikin silima na Wagadugu da ake kira FESPACO, wannan fim ne ya ɗauki babbar kyauta, watau Dokin Yennenga. Har yau ba wanda zai ƙwace masa wannan matsayi na farko.

Wadda ta fito a matsayin kishiyar nan ita ce Zalika Sule, ta kuma biya tsada. Mutane da yawa a lokacin ba su bambanta wasa da gaskiya, suka ɗauke ta muguwar mace, aka riƙa zaginta a titi. Ta yi suna a ƙasashe, amma ta tsufa cikin rashi, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗin da ta yi a kanta. Ta rasu cikin 2021.

Umaru ya ci gaba da Saitane, inda ya tona asirin wani malamin tsibbu mai haɗa matar aure da attajiri, sa'an nan L'Exilé cikin 1980, wanda ya gina a kan tatsuniyar cika alkawari ko da za a rasa rai. Shi ne na ƙarshe, don watanni kaɗan bayan fitowarsa ya cika.

Gwamnatin Nijar ta sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa. A Wagadugu kuma, duk lokacin da aka yi bikin FESPACO, akwai kyautar Umaru Ganda, wadda ake ba wanda ya fi gwaninta cikin masu fitowa da dogon fim ɗinsu na farko.