Shirin Musamman: Fita da Yara a Lokacin Hunturu



Ga shi Allah Ya sake nuna mana lokacin da iska ke juyowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, wanda a zamanin da can gindin wani babban tafki ne, ta yi ta tafiya da ita har ta sauke mana a kan rufin kwano da ganyen darbejiya da girar yaranmu. Da zarar hazo ya sauka, galibin iyaye mata sai su tattara ƙanana su kulle a ɗaki don tsoron mura da tari, kuma tsoron nasu yana da dalili. Amma duk wanda ya yi nazarin shekarar Tamale zai ga cewa damina tana zuwa da taɓo da sauro, Maris da Afrilu kuma suna zuwa da zafin da kan kai digiri 40, ta yadda 'yan makonnin nan na Disamba zuwa Fabrairu su ne kaɗai rangwamen da yaro ɗan shekara uku ko biyar zai yi gudu a fili ba tare da ya jigata ba. Asara ce a bar wannan ni'ima ta wuce yara suna tsugune gaban talabijin.

Hikimar al'amarin tana ga sanin lokaci. Da asuba, sa'ad da sanyi kan sauko ƙasa da digiri 20, ba a fita da ƙaramin yaro; a bari sai hantsi ya ɗaga, an sha koko da ƙosai, ko kuma a jira bayan sallar La'asar. A shafe masa fuska da leɓe da diddige da man kaɗanya, wanda arewacin Gana ba ta rasa shi, a sa masa riga mai kauri da hula, a riƙe gorar ruwa. Ranar da hazo ya yi kauri har rana ta koma fara fat, a haƙura, musamman idan akwai mai ciwon fuka a gidan.

To, ina za a je? Abin da na fi so ga maigida shi ne ya ɗora ɗansa ko 'yarsa a kan keke, tun da Tamale gari ne na kekuna, su fita bayan gari inda aka gama girbi, domin gonar da aka kwashe amfaninta makaranta ce wadda ba a biyan ko sidi ɗaya. A can zai nuna wa yaron kuka, ta zubar da ganye tana tsaye da 'ya'yanta a rataye, su fasa ɗaya ya tsotsi garin, ya gane cewa ganyen wannan itace ne ake dakawa a yi miyar da yake cin tuwo da ita. Zai nuna masa kaɗanya, ya faɗa masa dalilin da ya sa manomin Dagwamba ke share gona ya sare komai amma ya bar ta tsaye. Zai nuna masa ɗorawa, wadda kusan ƙarshen hunturu take fitar da jajayen furanninta, ya ce masa daga nan daddawa ke fitowa. Yaron da ya tashi cikin hayaƙin babura da ƙarar gudumar makanikai, alhali kakanninsa manoma ne ko fatake, yana da haƙƙi a kan mahaifinsa ya san sunayen itatuwan ƙasarsu. Kafin su juyo, su tsinto karan dawa, a zauna a ƙofar gida a fere shi a ƙera mota da tabarau da jirgin sama, a haɗa da gwangwanin madara da murafan kwalba.

Wanda ba shi da keke ma bai rasa ba. Filin makaranta ko inuwar mangwaro ta isa maza su yi langa da wasan gare da tsohuwar tayar keke, mata su yi ampe da 'yar carafke, kaka kuma ta tona ramuka a ƙasa ta koya wa jikoki dara, wadda lissafi ne tsantsa. Kada maigida ya ɗauka cewa shiga cikinsu zubar da girma ne, gama ya tabbata a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya ɗauki jikokinsa a kafaɗa.

Mai ɗan kuɗin mota yana iya kai iyalinsa Red Clay, wurin da mai fasahar nan ɗan Tamale, Ibrahim Mahama, ya buɗe a 2020 a gefen gari, inda ya jera tsofaffin jiragen sama ya mai da su ajin karatun yara. Gandun dajin Mole kuwa, duk da cewa da rani aka fi ganin giwayensa, tafiya ce ta mai hali.

Bayan Magariba sai a hura wuta a tsakar gida, a gasa gyaɗa ko doya, inna ta buɗe tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kuma daren da sama ta washe a nuna wa yara taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda a watannin nan suke hawa sama tun farkon dare.

Sai dai ina roƙonku, iyayena mata da 'yan'uwana magidanta, da ku ɗauki abubuwa uku da muhimmanci, domin yara amana ce. Kada a bar yaro shi kaɗai a bakin wuta, kuma kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, gama hayaƙin da ba a gani yana kisa cikin barci. Kada a bar su su bi masu cinna wa daji wuta don farautar ɓeraye, ko su gangara bakin dam ba babba a tare da su. Sa'an nan, tun da ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke tashi da rani, duk yaron da aka ga zazzaɓi mai zafi ya kama shi tare da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a ce sai gari ya waye.