Ko Ka San Wanda Ke Mulki a Cikin Wayarka?

Sunan da ke bayan wayarka, Tecno ne ko Infinix ko itel, ba shi ne mai faɗa a ji a cikinta ba. Duk ukun ma na kamfani ɗaya ne, Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Mai riƙe da ragamar ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, wato Android, wadda Google ya saya a 2005. Kishiyarta iOS ta Apple ce, kuma a wayoyin Apple, wato iPhone, kaɗai take hawa.

Wannan takara ta shafi Wudil kai tsaye. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda aka fi sani da KUST, akwai ɗaliban kwamfuta da ke burin ƙirƙirar manhajarsu. Tambayar farko da ke gabansu ita ce: a rumfar wa za a baje hajar?

Google na karɓar dala 25 sau ɗaya a yi rajista a Play Store. Apple kuwa dala 99 yake karɓa duk shekara, kuma Xcode, kayan aikin da ake haɗa manhajar iPhone da shi, sai a kwamfutar Mac yake aiki. Ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin haya da na data, wannan kaɗai ya isa ya yanke masa hukunci. Bayan haka ga la'ada: an saba cire kashi 30 cikin 100 na cinikin da aka yi a cikin manhaja, sai a 2021 kamfanonin biyu suka sauko zuwa 15 ga ƙananan masu sana'ar.

Masu iPhone sun fi sakin kuɗi wajen sayen manhaja, shi ya sa kamfanonin Amurka kan fara da su. Amma shiga kasuwar karar Wudil ran Juma'a ka dubi hannun dillalan shanu. Android ce mai sauƙin kuɗi, wani ma ƙaramar waya ce mai madannai. Ma'ajiyarta a cike take, sabis na zuwa yana ɗaukewa, mai ita kuma ya fi son saƙon murya a kan rubutu. Da yawa ba sa ma leƙa Play Store, aboki ne ke tura musu manhaja ta Xender, abin da Android ta yarda da shi tun asali. A ganina, duk matashin da ya gina manhaja mai nauyi, mai shan data, wadda ba ta jin Hausa, ba don mutanen garinsa ya gina ta ba, kuma ina jin takaicin yawan irinsu.

Akwai kuma haɗarin jingina da gida ɗaya. Zamanin da ake yayin BlackBerry a Najeriya, kowa na neman lambar BBM, wa ya zaci za a wayi gari babu ita? A Janairun 2022 kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Symbian ta Nokia ta riga ta kwanta dama, haka ma Windows Phone. Waɗanda suka zuba basirarsu a can sai da suka sake sabon lale. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu sana'ar ke rungumar Flutter, wadda Google ya kammala fitarwa a Disambar 2018: a rubuta manhaja sau ɗaya, ta hau Android ta hau iPhone.