Haihuwa a Adar: Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa ba ranar Lahadi da safe ake shirin cin kasuwar Tawa ba. Tun ana sauran kwana biyu ko uku mai ƙosai ta tanadi wakenta, mai albasa ya ɗinke buhunansa, an yi magana da direba, an kuma san kuɗin mota. To amma abin mamaki, tafiyar da ta fi kowace tafiya haɗari a rayuwar 'ya mace, wato haihuwa, ita ce da yawa daga cikinmu ba mu yi wa shiri sai naƙuda ta kankama. A lokacin ne za ka ji ana tambayar wa ke da amalanke, wa ke da lambar mai mota, wa kuma zai ba da izini a fita da ita.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, maza da mata, musamman na Kalfu da Barmu da Afala da Bambai da sauran garuruwan da ke kewaye da birnin Tawa, a kan tambayoyi biyu: a ina ya kamata mai ciki ta haihu, kuma a hannun wa?

Halin da ake ciki

Binciken lafiyar iyali da aka yi a faɗin Nijar a shekarar 2012 ya nuna cewa mata 8 cikin 10 sun je awon ciki ko da sau ɗaya ne, amma 3 kacal cikin 10 suka haihu a gidan likita. Binciken ya ƙiyasta cewa a duk haihuwa 100,000, mata 535 ke rasa rayukansu. An samu ci gaba daga wancan lokaci zuwa yau, sai dai har yanzu akwai gidaje da yawa da ake ɗaukar awo a matsayin aikin likita, haihuwa kuwa aikin ɗaki.

Ba za mu ce matan da ke haihuwa a gida ba su da dalili ba. Naƙuda ta fi zuwa da dare, hanya ba kyau, da damina kuma ƙorama kan kawo ruwa ta raba ƙauye da gari na tsawon sa'o'i. Ungozomar unguwa an san ta, ta san gidan, ita za ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta kama wankan jego. Wasu matan kuma sun taɓa zuwa gidan likita an yi musu tsawa ko an bar su a kan benci, suka dawo da niyyar ba za su ƙara komawa ba. Ga kuma kunya, wadda ke sa mace ta ɓoye ciwonta, ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure, don kada a ce ta cika raki.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka shafe mu a nan Adar. Na farko, mazajenmu mutanen biɗa ne. Da an gama girbi wani ya nufi Abijan, wani Libiya, wani Najeriya, a bar mace da ciki a hannun uwar miji ko wan miji, waɗanda su ma sau da yawa ba su son yanke shawara sai sun ji daga bakin mai gida. Na biyu, al'adar goyon ciki. Yarinya mai cikin fari ana mayar da ita gidan iyayenta ta haihu, kuma al'ada ce mai kyau, domin babu mai tausayinta kamar uwarta. Amma idan gidan iyayen yana can ƙauyen da mota ba ta shiga, to an ɗauki wadda ta fi kowa bukatar likita an kai ta inda ya fi ko'ina nisa da likita.

Gidajen likita hawa-hawa ne

Kamar yadda mai tebur da mai shago da mai sari ba ɗaya suke ba, haka gidajen likita. Yana da kyau kowace mace ta san abin da kowannensu zai iya da wanda ba zai iya ba.

Na ƙasa shi ne ɗan ɗakin shan magani na ƙauye, irin waɗanda aka gina da yawa a zamanin marigayi Shugaba Tanja Mamadu tun daga shekarar 2001. Yana da amfani wajen zazzaɓi da gudawa da ƙananan larurori, amma ba a ƙarin jini a can, ba a kuma yin tiyata.

Sama da shi akwai cibiyar lafiya da aka fi sani da CSI. Nan ne ake awon ciki da allurar rigakafi, kuma ana karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi, a hannun ma'aikacin jinya ko ungozomar likita, wadda ake kira sajfam. Idan abu ya gagara, su ne ke rubuta takarda su tura mace gaba.

Daga nan sai asibitocin gunduma, sannan manyan gidajen likita na birnin Tawa: Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro, da babban asibitin jiha. A wannan matakin ne ake samun likitocin mata da ɗakin tiyata da ƙarin jini. A kudancin jihar kuma akwai asibitin Galmi na 'yan mishan, a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, wanda ke aiki tun shekarar 1950.

Akwai kuma asibitocin kuɗi a cikin gari. Wasunsu na da tsabta da tarba mai kyau, amma kafin mace ta ba da kuɗinta sai ta yi abin da takan yi idan za ta sayi atamfa, wato ta buɗe ta duba. Shin akwai ƙwararriyar ungozoma da ke kwana a wurin? Idan jini ya ɓalle da ƙarfe biyun dare, me za su yi? Idan ana bukatar tiyata, a nan za a yi ko turawa za su yi, kuma da wace mota? Wurin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, fenti da fanka ba za su amfane ki da komai ba ranar da abu ya ɓaci.

Abin da ke kashe mata

Likitoci sun daɗe da sanin manyan abubuwan da ke ɗauke mata wajen haihuwa: zubar jini, da jijjiga wadda hawan jini ke kawowa, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa da ƙwayoyin cuta ke haddasawa. Mafi saurin kisa a cikinsu shi ne zubar jini bayan haihuwa, domin yana iya gamawa da mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu, kuma ba ya sallama. Matar da ta haifi shida a ɗakinta lafiya lau tana iya gamuwa da shi a na bakwai. Hasali ma yawan haihuwa na ƙara haɗarinsa, saboda mahaifar da ta gaji ba ta saurin tsukewa.

A nan akwai labari mai daɗi da ya kamata mu sani. Daga shekarar 2015 zuwa 2020 an bi wani tsari a gidajen likita na faɗin Nijar, inda ake ba mai zubar jini ƙwayar misoprostol, idan bai tsaya ba a sa mata wani balan-balan a cikin mahaifa ya danne jijiyoyin, idan kuma ta galabaita a ɗaura mata wata riga ta musamman da ke matse ƙafafu da mara har a isa da ita inda za a ƙara mata jini. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet Global Health ta buga a shekarar 2023 ya nuna cewa mutuwar mata ta dalilin zubar jini ta ragu da fiye da rabi. Amma fa duk wannan sai wadda aka kai ta ke amfana da shi.

Doguwar naƙuda kuwa, idan kan ɗa ya tokare ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin kan mutu ya huje, shi ne yoyon fitsari. Yawanci ɗan ma ba a samunsa da rai. Ana yin aikin gyara, har akwai cibiya ta musamman a Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a shekarar 2012, amma wa zai so 'yarsa ta kai ga haka? Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada rana ta fito ta faɗi mace na kan gwiwa a gida. Naƙudar da ta wuce sa'o'i 12 ta likita ce.

Waɗanda bai kamata su jira naƙuda a ƙauye ba

Akwai matan da tun a wurin awo ake gane cewa haihuwarsu na bukatar wurin da ke da ɗakin tiyata: yarinya ƙarama mai cikin fari, da wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, da mai tagwaye, da wadda ɗanta ya kwanta a gicciye ko ya zo da ɗuwawu, da mai hawan jini ko ƙarancin jini, da wadda ta taɓa zubar da jini da yawa ko ta haifi ɗa ba rai. Irin waɗannan, idan watan haihuwa ya kama, abin da ya fi shi ne su tare gidan 'yan'uwa a cikin Tawa. Da wuya a samu mutumin Kalfu da ba shi da ɗan'uwa ko abokin ciniki a birni.

Kowace mai ciki kuma, da zarar ta ga jini, ko ta ji ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko zazzaɓi mai zafi, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, to ba a jiran wayewar gari.

Don haka awo ba ɓata lokaci ba ne. A da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau 4, amma tun shekarar 2016 ta mayar da shi sau 8. A nan ne ake gwada hawan jini, a ba da ƙwayar ƙarin jini da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar tetanus. Mun san ranar awo kan ci karo da ranar kasuwa, kuma barin tebur asara ce. To amma cinikin yini ɗaya ana mayar da shi. A bar wa 'ya ko maƙwabciya tebur, a riƙe karne a cikin jaka duk inda za a je, domin shi ne zai yi wa likitan da bai san ki ba bayani.

Maganar kuɗi

Tun shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a asibitocinta, a 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. A watan Agustan 2024 kuma hukumomi suka sanar da rage kuɗin ganin likita da mayar da haihuwa kyauta a gidajen likita na gwamnati daga 1 ga Satumba na shekarar. Wannan haƙƙinki ne, ki san shi, ki kuma nemi rasit a kan duk abin da aka ce ki biya.

Duk da haka, wanda ya ce zai je hannu rabbana ya yaudari kansa. An sha samun jinkiri wajen mayar wa asibitoci kuɗin aikin kyauta, abin da kan sa magani ya yanke a rubuto wa mutum takarda ya saya a waje. Ga kuɗin mota, ga abincin masu jinya. Shawararmu ita ce, tun ciki na wata uku a riƙa ware wani abu duk ranar kasuwa, ko a shiga adashi a roƙi uwar adashi ta sa kwasarki ta faɗo a wata na takwas. Kuɗin nan a raba shi da jari, kada kuma a taɓa shi don ragon suna ko kayan fitar jego. Suna sai da mai jego.

Ungozoma da mai gida

Ba muna cewa a kori ungozoma ba ne. Ungozomar kirki ita ce wadda ke gane naƙuda da wuri, ta rako mace gidan likita, ta zauna da ita, bayan an dawo ta ci gaba da hidimarta. Abin da za a guje wa shi ne jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda, da danna ciki, da yankan gishiri, da allurar naƙuda daga hannun masu tallar magani, domin tana iya fasa mahaifa. Addu'a kuwa babu likitan da ya hana ta, ana yin ta a gida, ana yin ta a mota, ana yin ta a bakin ɗakin haihuwa. Bayan an sauka kuma kada a yi gaggawar komawa gida, a bari a cika sa'o'i 24, saboda a cikinsu ne jini ya fi ɓallewa.

Ku kuma 'yan'uwa maza, a jihar Damagaram aka fara abin da ake kira makarantar mazaje a ƙarshen shekarun 2000, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, daga baya ta bazu zuwa wasu jihohi. Darasinta bai wuce wannan ba: kafin ka ɗauki jaka ka tafi biɗa, ka tara mahaifiyarka da ɗan'uwanka ka faɗa a gabansu cewa ka ba da izini a kai iyalinka likita ko dare ko rana, ba sai an same ka a waya ba. Ka yi magana da mai mota tun yanzu, a ajiye lambarsa da ta CSI mafi kusa. Ka nemi mutum biyu cikin dangi da suka yarda su ba da jini idan an bukata. Kuɗin haihuwa kuma ka turo su tun wata bai kama ba, su kasance a hannun matar da kanta.

Rai da ajali na Allah ne, babu mai musun wannan, amma Shi ne kuma Ya umarce mu da riƙo da sababi. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya kuma sa albarka a kasuwancinmu, amin.