Yadda ake yanka allon soso na ɗora kek ba tare da ya yage ba

A Isa da Sabon Birni, inda 'yan bindiga suka mayar da tafiya Sakkwato sayayya kasada, lalacewar allon soso guda asara ce ga mai yin kek ɗin biki.

Allon hawa uku ne: takarda sama da ƙasa, farin soso a tsakiya. Shi ya sa ake jan sabuwar reza sau uku a kan layi ɗaya. Jan farko ya tsaga takardar sama, na biyu ya ratsa soson, na uku ya raba ta ƙasa. Dakusasshiyar reza marmashe soson take yi, danna ta da ƙarfi kuwa ƙara ɓarna ne.

Kafin ɗora kek, a naɗe allon da takardar da maiƙo ba ya ratsawa, domin ba don abinci aka ƙera shi ba.