Ruwan Sha a Gaban Shari'a: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Kundin haƙƙin ɗan Adam na 1948 ya ambaci abinci da sutura da muhalli da magani, har hutun ma'aikaci da albashinsa bai manta ba, amma bai ce uffan a kan ruwa ba. Sai ranar 28 ga Yulin 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun tsaftataccen ruwan sha haƙƙi ne na kowane mahaluƙi. Ƙasashe 122 suka goyi baya, babu wadda ta iya buɗe baki ta ce a'a, sai dai 41 sun yi rowar ƙuri'arsu. A cikinsu akwai Amurka da Birtaniya da Kanada, akwai kuma Habasha da Turkiyya da Lesotho. Ka riƙe waɗannan ukun na ƙarshe a ranka: dukkansu ƙasashe ne da manyan koguna ke gangarowa daga duwatsunsu zuwa wajen maƙwabta.

Bolibiya ce ta kawo ƙudurin, kuma tana da dalili. A 1999 an miƙa ruwan birnin Kocabamba ga wani kamfani da katafaren kamfanin Amurka Bechtel ke da hannu a ciki. Kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo, jama'a suka fantsama kan titi, soja ya harbe wani matashi ɗan shekara 17, kamfanin ya tattara ya-nasa-ya-nasa. Daga baya ya kai ƙara yana neman diyyar aƙalla dala miliyan 25. Da surutu ya yi yawa a duniya, sai a 2006 ya janye ƙarar, ya karɓi boliviano 2, abin da bai kai rabin dala ba. Su kuwa talakawan kudancin birnin, bayan an gama murna sun ci gaba da sayen ruwa a wajen masu tanka.

To, haƙƙin nan lita nawa ne? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. Wurin ɗibar kada ya wuce mita 1,000 daga gida, zuwa da dawowa kada ya haura minti 30. Lita 50 jarka biyu ke nan ta masu lita 25, wato gidan mutum goma na son jarka 20 kullum, fiye da abin da kurar ɗan garuwa ke ɗaukowa a sawu guda. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar ta ƙara da cewa kuɗin ruwa bai kamata ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da gida ke samu ba. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi a Najeriya, naira 70,000, nasa ya kama naira 2,100 a wata, naira 70 a rana. Ka tsayar da ɗan garuwa a Kano cikin watan Afrilu ka miƙa masa naira 70, ka ji amsar da zai ba ka.

A sansanin 'yan gudun hijira ma'aunin ƙungiyoyin agaji ya sauko zuwa lita 15.

Afirka ta Kudu ta sa ruwa a tsarin mulkinta na 1996, ta kuma ware wa gida lita 6,000 kyauta a wata. An yi lissafin ne da gidan mutum 8, kowa lita 25 a rana. Mutanen unguwar Phiri ta Soweto, inda ake cunkushe a gida ɗaya fiye da haka, suka kai ƙara cewa bai isa ba, kuma mitar da aka maƙala musu tana datse famfo da zarar kuɗi ya ƙare. A 2009 kotun tsarin mulki ta ce hukuma ce ke da gaskiya. Ingila kuwa tun 1999 ta hana kamfani yanke wa gidan zama ruwa saboda bashi, Faransa ta bi sahu a 2013. Ita Yurugai ta yi ƙuri'ar raba-gardama a 2004 ta rubuta haƙƙin ruwa a tsarin mulki, amma da fari ya kama ta a 2023, sai da aka cuɗa ruwan famfon birnin Montebideyo da mai gishiri, mutane suka koma na roba.

Ƙa'idojin ingancin ruwa na Hukumar Lafiya ta Duniya shawara ce kawai, kowace ƙasa ita ke yanka wa kanta doka. Hukumar ta ce gubar arsenik kada ta wuce maikrogiram 10 a lita. Bangaladash ta bar tata a 50. Labarin ƙasar mai ɗaci ne. Daga shekarun 1970 aka shiga haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa, da taimakon hukumomin duniya, don a raba yara da ruwan kududdufi mai kawo gudawa da kwalara. An yi nasara, mutuwar yara ta ragu. Sai a 1993 aka tabbatar cewa ruwan ƙarƙashin ƙasar yana ɗauke da arsenik tun asali, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Aka bi ƙauyuka da gwangwanin fenti: famfon da aka shafa wa kore a sha, wanda aka shafa wa ja a bar shi ga wanki.

Yaƙi ma da dokarsa. Ƙa'idojin Heg na 1907 sun haramta amfani da guba, sannan ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya hana kai hari kan wuraren ruwan shan farar hula da hanyoyin ban-ruwa don a galabaita su. Kowa ya san jan kuros da jan jinjirin wata, amma kaɗan ne suka san dam ma yana da tambarinsa na kariya: da'ira uku ruwan lemo a jere. Amurka ba ta tabbatar da wannan ƙarin ba har yau. Ranar 6 ga Yunin 2023 dam ɗin Kakhovka na Yukren ya fashe a tsakiyar yaƙi, garuruwa suka nutse, dubban ɗaruruwan mutane suka shiga matsalar ruwan sha, Rasha da Yukren kowa na nuna ɗan uwansa da yatsa.

Rigimar na saman kogi da na ƙasansa ta girmi duk wata majalisa. Yarjejeniyar da ake kawowa a matsayin mafi tsufa a kan ruwa ta kai shekara 4,500, tsakanin biranen Lagash da Umma a Iraƙin yau, kuma ba ta hana su komawa faɗa ba. Ta zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 1997 kan kogunan da ƙasashe ke tarayya a kansu, ƙasashe uku ne suka ƙi ta: Sin da Turkiyya da Burundi, duk masu zaune a kan mafarin ruwa. Shekara 17 ta yi tana jiran ƙasa ta 35, sai da Biyetnam ta shiga a 2014 sannan ta fara aiki.

A 1959 Masar da Sudan suka raba Nilu: Masar kyubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan 18.5, aka bar 10 ga abin da rana ke ƙafarwa. Rana ta samu kaso, Habasha da kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan ke fitowa daga tsaunukanta ko ɗigo ba a rubuta mata ba. Ta ba da amsa da siminti: ta fara katafaren dam ɗinta a 2011, ta ƙaddamar da shi a Satumbar 2025. Indiya da Pakistan sun rattaba hannu kan rabon kogin Indus a 1960, suka gwabza a 1965 da 1971 da 1999 yarjejeniyar na nan daram, sai a Afrilun 2025 Indiya ta ce ta jingine ta bayan harin Pahalgam a Kashmir.

Ciniki mafi ban dariya na Singafo ne da Malesiya. Bisa takardar 1962, Singafo na iya ɗibar galan miliyan 250 kullum daga kogin Johor a kan sen 3 kowane galan 1,000, ta tace, ta sayar wa Johor wani kaso a kan sen 50. Farashin na nan yadda yake, wa'adin sai 2061. Malesiya ta sha ƙorafi. Singafo kuwa ba ta yarda ta kwana da ido biyu rufe ba: tana tace ruwan teku, tana kuma tace ruwan kwata ya koma abin sha.

Mu dawo gida. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, lokacin da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka kafa masa hukuma a 1964. Da fari ya janye shi, masunta da manoma daga Najeriya suka bi ruwan har suka kafa garuruwa irin su Darak, hukumomin Najeriya suka biyo su da makaranta da 'yan sanda. A 2002 Kotun Duniya ta ce ruwa na tafiya amma iyaka ba ta tafiya, Darak ta Kamaru ce. Chadi ce kuma ƙasar Afirka ta farko da ta shiga yarjejeniyar ruwa ta Helsinki, a 2018, takardar da tun farko Turawa suka rubuta wa kansu a 1992; Najeriya ta shiga a 2023. A kan Binuwai, Kamaru ta gama dam ɗin Lagdo a 1982, shi kuwa na Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don ya tare ruwan in an sako, har yau a takarda yake, kuma mutanen bakin kogi sun ga ambaliya a 2012 da 2022.

Wanda ya fi burge ni shi ne Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar ya shayar da Maraɗi, ya sake karkatowa Najeriya ya haɗe da Rima. A wannan gulbi kowa na sama ne, kowa kuma na ƙasa ne, wanda ya tare wa ɗan uwansa ya tare wa kansa. Yana cikin ruwayen da ƙasashen biyu suka yi yarjejeniyar rabo a kansu a Maiduguri a 1990. Na ƙarƙashin ƙasa kuwa, irin wanda ke kwance tun daga Sakkwato har Tawa har cikin Mali, dokar duniya ba ta gama cim masa ba tukuna: daftarin da masana shari'a na Majalisar suka gama a 2008 bai zama yarjejeniya ba, burtsatse kuwa kullum ƙaruwa take.

Malaman fiƙihu sun riga waɗannan majalisu. Sun yi bayanin haƙƙin mai ƙishirwa da dabbarsa a kan ruwan da ya fi ƙarfin buƙatar mai shi, sun kuma yanka wa rijiya harami, filin da ba a yarda wani ya haƙa tasa a ciki ya janye mata ruwa ba. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi. A Balensiya ta ƙasar Sifen akwai kotun ruwa da ake danganta asalinta da zamanin Musulmin Andalus, ko da yake tata shari'ar ta ban-ruwan gonaki ce. Kowace Alhamis da ƙarfe 12 na rana manoma 8 sanye da baƙaƙen riguna suke zama a ƙofar babbar majami'ar birnin. Ba lauya, ba ɗaukaka ƙara, da baki ake komai a yanke hukunci nan take. Mai kira ya kira sunayen magudanan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko akwai mai ƙara, kuma sau da yawa ba a samun kowa, sai a tashi cikin 'yan mintoci.