Goro Da Katin Gida: Yadda Ake Kiran Dangi Biki A Kpakungu

Duk mutumin Minna da ke zaune a Kurmi ya san Kpakungu, domin ta nan hanyar Bidda ta fita, kuma ita ce hanyar da motocin Mokwa da Jebba da Ilori ke bi har su dangana da Badun da Ikko. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna hedkwatarta, jama'a suka yi ta kwararowa, unguwar ta cika ta batse da Gwarawa, watau Gbagyi masu ƙasa, da Nufawa da Hausawa da Yarabawa da sauran kabilu. Galibinsu kuwa masu ƙaramin ƙarfi ne, 'yan tireda da leburori da ƙananan ma'aikata da ɗalibai.

To, a irin wannan unguwa, in aure ya taso, ba kowane magidanci ne ke da halin zuwa maɗaba'a a buga masa kati mai ruwan zinariya ba. Saboda haka da yawa a gida suke shirya gayyatarsu, kuma sau tari irin wannan gayyata ta fi ta masu kuɗi isa inda ake so ta isa.

Asalin gayyata dai a ƙasar Hausa goro ne. In an sa rana, sai uban yarinya ko waliyyinta ya sayi goro ƙwarya biyu ko uku, kowace ƙwarya kuwa ƙwaya 100 ce, a rarraba wa dattawa da limamai da maƙwabta, ana faɗa musu ranar da baki. Mata su kuma alewa da cingam suke ƙullawa su bi gida gida. A ƙasar Nufe goro ba baƙo ba ne, don goron Laboji ya yi suna tun zamanin da, har sarakuna ke yi wa juna kyauta da shi. Amma yawancin wanda ake rabawa a biki daga Kurmi yake hawowa, daga Shagamu da kewayenta, ta hannun Hausawan da ke fataucinsa. Watau ke nan mai yiwuwa ne goron da mutumin Sabon Shagamu ya ɗaure a huhu da hannunsa, shi ne za a raba a bikin ɗiyar ƙaninsa a Minna.

Takarda daga baya ta shigo. A shekarun 1970 da 1980 wani malamin makaranta ko akawu ake nema ya buga da tafireta, a kai a gurza. Yau kuwa samarin gida ne ke yi. Sukan sayi kwali mai ɗan kauri, a rubuta guda ɗaya da hannu mai kyau ko a shagon kwamfuta, a jera huɗu a kan falle ɗaya, a yi hoton takardar, sa'an nan a zauna da almakashi a yayyanka. 'Yan mata sukan liƙa ɗan zare mai launi ko ƙyallen atamfar anko a gefe, su ɗaura alewa biyu a jiki.

Abin da ake rubutawa ba shi da yawa, amma kowane layi da amfaninsa. Akwai sunayen gidajen biyu, da na ango da amarya, da rana da lokaci, da masallaci ko ƙofar gidan da za a ɗaura auren. Na mata yakan ƙara da ranar kamu da sa lalle da wuni da kai amarya. Kwatance ma wajibi ne, domin lungunan Kpakungu na da wuyar ganewa ga baƙo, shi ya sa ake farawa daga shataletalen unguwar a bi da shi har ƙofar gida. Da yake maƙwabta ba duka Hausawa ba ne, akan yi gefe ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci. Dattijon da bai yi boko ba kuma akan rubuta masa nasa da ajami. Malamai da dama suna jan kunne kada a sa ayar Alƙur'ani a jikin kati, saboda bayan biki a ƙasa ake tsintar yawancinsu.

Sai dai babban sirrin katin gida shi ne gurbin da ake bari a sama, inda ake rubuta sunan wanda aka gayyata da biro, tare da girmansa: Baba wane, Inna wance, Yaya, Kawu, Gwaggo. Mutum in ya ga sunansa da rubutun hannu ya san an zauna an tuna da shi.

Wannan ya fi muhimmanci ga waɗanda za su ɗauki nauyin hidimar bikin, watau abokan ango da ƙawayen amarya. Su ba zuwa cin shinkafa kawai ake kiransu ba. Babban aboki shi ke kan gaba wajen neman motocin ɗaukar amarya da sayen baki, babbar ƙawa kuwa ita ke tare da amarya tun daga lalle har ɗakinta. Ga kuɗin anko, ga gudummawa, ga barin sana'a na kwanaki. Saboda haka masu hankali sukan ware musu takarda dabam, a aika da wuri, a bayyana musu abin da ake so su yi da kuɗin da abin zai ci, don wanda ba shi da hali ya faɗa tun da sauran lokaci, ba tare da ya ji kunya ba.

A nan ne maganar ta shafi mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Badun. Hausawa na cewa bikin farar kaza, balbela ba gayya. Wasu iyalai sukan fake da wannan karin magana su ce ai wane na gida ne, ba sai an aika masa ba. Alhali kuwa wanda ke nesa ya fi kowa bukatar aike. Sai ya nemi izinin maigidansa ko ya sami mai tsare masa rumfa, ya tara kuɗin mota zuwa da dawowa, ya yi tsaraba. In labari ya iske shi saura kwana uku, ko ya ji a bakin wani direba, to an hana shi zuwa ke nan, ko da ba a yi nufin haka ba.

Ga mata abin ya fi zafi. A al'adar biki, matar da aka kai wa gudummawa ranar hidimarta bashi ta ci, tana jiran ranar da za ta rama, galibi ma da ƙari. In ƙawarta ta aurar da ɗiya ba ta sanar da ita ba, ta bar ta da bashi a wuya, ta kuma nuna wa duniya cewa ƙawancen ya mutu. Gaba da yawa tsakanin dangin Arewa da na Kurmi daga nan ta samo tushe. Bugu da ƙari, malamai sun karantar cewa amsa kiran walima haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, amma wanda ba a kira ba me zai amsa?

A da, ta jirgin ƙasa ko ta hannun direbobin doya da na shanu ake aika goro da wasiƙa, a naɗe goron cikin ganye don kada ya bushe, a damƙa wa wani sananne a zango ya rarraba. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 abin ya yi sauƙi, yanzu ma hoton kati ake ɗauka a tura ta WhatsApp cikin ƙiftawar ido. Ba laifi ba ne, amma hoton da aka watsa wa mutum 200 a lokaci guda bai ɗauke wa kowa nauyin kiran Kawunsa ba. Gidajen da suka san ya kamata sukan haɗa biyun: a ba direba kati mai suna da ɗan goro tun saura wata guda, a bi shi da waya, babba ya yi magana da babba.

Su ma na Kurmi akwai nasu nauyin. Wanda aka aika wa kati ya amsa da wuri, in zai zo ya faɗa, in ba hali ya aika da gudummawarsa da addu'a. In kuma shi ne zai aurar a Ikko, ya tuna da na gida kamar yadda yake so a tuna da shi. Kwali da biro da goro goma ba su fi ƙarfin kowa ba, zumunta kuwa a ƙafa take. Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, amin.