Yadda kimiyya ke bin sawun tsirran magani tun daga daji har zuwa rumbu

A kasuwar Kurmi ta Kano da sauran manyan kasuwannin ƙasar nan, akwai rumfunan da ba sa rabuwa da saiwoyi da sassaƙe da busasshen ganye. Mai saye yakan ambaci sunan itacen da yake nema, a ƙulla masa, ya tafi. Sai dai masana ilimin harhaɗa magunguna sun daɗe da gano cewa ƙulli biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta ƙwarai: ɗaya ya yi aiki, ɗaya ya zama ciyawa kawai, wani ma ya cutar. Bambancin yakan samo asali ne daga abubuwa huɗu, wato ainihin tsiron da aka ɗebo, da sashen da aka ɗauka a jikinsa, da lokacin da aka cire shi, da kuma yadda aka busar da shi aka adana.

Tantance tsiro kafin komai

Matakin farko a wurin masu bincike shi ne tabbatar da ko wane tsiro ne a hannunsu. Sunan gargajiya kaɗai ba ya wadatarwa, domin suna ɗaya yakan haɗa tsirrai biyu ko uku, kuma tsiro ɗaya yakan canza suna daga wannan gari zuwa wancan. Saboda haka ake busar da samfurin tsiron da ganyensa da furensa, a manna shi a takarda, a ba shi lamba, a ajiye a taskar tsirrai irin wadda ke Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan ko ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Duk wanda ya yi shakka daga baya yana iya komawa ga wannan samfuri.

Aikin ya fi wuya idan an riga an daka tsiron ya zama gari, domin ido ba ya iya bambance shi. A nan ne madubin ƙara girma yake shigowa. Kowane tsiro yana da alamomin da turmi ba ya shafewa: siffar ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, da irin gashin da ke bayansa, da ƙwayoyin sitaci, da wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli da ke cikin ƙwayoyin halittarsa. Ƙwayar sitacin citta, alal misali, shimfiɗaɗɗiya ce mai kama da ƙaramin buhu, ta masara kuwa tana da kusurwoyi. Idan ɗan kasuwa ya gauraya garin citta da na masara don ya ƙara auki, madubi zai tona asirinsa nan take.

Inda maganin yake a jikin tsiro

Sinadarin da ke warkarwa ba ya bazuwa daidai a jikin tsiro. Man kanumfari yana taruwa ne a cikin ƙananan aljihuna da ke jikin furen da bai buɗe ba, shi ya sa idan aka matsa mai kyau da farce sai mai ya tsattsafo, wanda aka riga aka tatse kuwa ba ya ba da komai. Sinadarin kwinin, wanda masana biyu 'yan Faransa suka ware a 1820, a ɓawon itacen sinkona yake.

Misalin da ya fi fito da wannan darasi fili shi ne na Artemisia annua, wani tsiro ɗan asalin ƙasar Sin daga dangin tazargade. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shirin neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma cikin masu binciken akwai Tu Youyou. Da farko abin da aka tatsa daga tsiron ta hanyar dafawa yakan yi aiki yau, gobe ya ƙi. Da ta koma ga wani littafin likitanci na ƙarni na huɗu da Ge Hong ya rubuta, sai ta lura cewa jiƙa tsiron ake yi a matse ruwansa, babu maganar ɗora shi a wuta. Wannan ya sa ta koma tatsar sinadarin da ƙarancin zafi, kuma a 1971 aka sami samfurin da ya kashe ƙwayoyin cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. A 1972 aka ware sinadarin atimisinin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocin Nijeriya a yau. Binciken ya kai ta ga samun kyautar Nobel a 2015.

Daga baya masana tsirrai suka gano cewa atimisinin yana taruwa ne a cikin wasu ƙananan ƙullutai da ke saman ganye da fure, waɗanda ido ba ya gani. Saiwar tsiron da tsohon karansa ba su da wani abin kirki. Yawan sinadarin yana hauhawa yayin da tsiron ke girma, ya kai ƙololuwa dab da lokacin fure, kuma ko a irin da aka inganta bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganye ba. Manomin da ya yi gaggawar yanka, ko ya bar ganye ya kakkaɓe a ƙasa ya kwashi kara, ya yi asarar abin da ya noma dominsa. Haka kuma ɗan'uwansa na Afirka, Artemisia afra, duk da kamannin da ke tsakaninsu, kusan ba shi da wannan sinadari.

Abin da ke faruwa bayan girbi

Ganyen da aka tsinka ba ya mutuwa nan da nan. Muddin akwai ruwa a jikinsa, sinadaran da ke cikinsa suna ci gaba da narkar da juna, ƙwayoyin cuta da fumfuna kuma suna samun wurin zama. Busarwa ita ce ke tsayar da wannan. Yawancin ƙa'idoji suna neman danshin ganye ko saiwa ya sauka zuwa wajen kashi 10 cikin 100 kafin a zuba a buhu.

Sai dai kowane tsiro da irin busarwarsa. Masu ƙamshi irin su na'ana'a da ɗoɗɗoya mansu yana tashi da zafi, don haka inuwa mai iska ta fi dacewa da su. Ganyen zogale ma idan ya sha rana yakan koɗe, ya rasa wani kaso na bitamin ɗinsa. Citta kuwa sauya hali take yi: zafi yana mayar da wani sinadarinta zuwa wani dabam wanda ya fi yaji, shi ya sa busasshiyar citta ta bambanta da ɗanya a ɗanɗano da kuma aiki. A wajen Artemisia annua an sami akasin abin da ake zato, domin gwaje-gwaje sun nuna cewa shanya shi a iska da haske na 'yan kwanaki yakan ƙara yawan atimisinin, saboda wani sinadari da ke cikin ganyen yana rikiɗewa ya koma shi. Wannan ne dalilin da ya sa masana ke gwada kowane tsiro shi kaɗai kafin su ba da shawara.

Haɗari mafi girma yana cikin ajiya. Saiwa ko iri da aka tura buhu da sauran laima, musamman da damina, yakan kama fumfunar da ke fitar da gubar aflatoksin, wadda aka tabbatar tana haddasa ciwon dajin hanta. Tafasawa ba ta kashe wannan guba. Shanya a bakin titi kuma tana jawo ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi, fesa maganin ƙwari a rumbu yana barin dafinsa a jikin kaya. Domin magance irin waɗannan matsaloli Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2003 kan noma da tattara tsirran magani, wanda ya ƙunshi shanya a kan gado ko raga nesa da ƙasa, da ajiya a wuri busasshe mai iska, da rubuta suna da ranar girbi a kan kowane buhu.

Matsayin Nijeriya

Ƙasar nan ta riga ta ga amfanin wannan ilimi. Cibiyar Bincike da Bunƙasa Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na masu ciwon sikila, ta yi nazarinsa, ta fitar da maganin Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da ganyen wani nau'in dawa. A 2008 aka wallafa kundin ƙa'idojin tsirran magani na Nijeriya, wanda ya bayyana siffofin da ake gane kowane tsiro da su a ido da kuma a madubi, sannan Hukumar Lafiya ta Yammacin Afirka ta fitar da nata a 2013.

Hukumar NAFDAC tana ba magungunan gargajiya lambar rajista bayan gwajin da ke nuna ba su da guba, amma wannan lamba ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da duk cututtukan da aka jera a jikin kwalbarsa. Haka nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan shan shayin Artemisia a madadin maganin asibiti, domin ba a san adadin sinadarin da ke cikin kowane kofi ba. Idan ya gaza, ƙwayar cutar ba ta mutuwa duka, kuma wadda ta tsira tana iya zama mai jure magani. Ga ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, wannan ba ƙaramar barazana ba ce.

Yawancin gyaran da ake buƙata ba ya cin kuɗi mai yawa. Gadon shanya na kara ko na waya, da rumfa mai iska, da buhu mai tsabta da aka ɗora a kan katako, duk suna cikin ikon ƙungiyoyin manoma da na masu maganin gargajiya. Mai saye kuma yana da abin dubawa kafin ya biya: launin ganyen, da ƙamshinsa, da ko akwai warin ruma ko ɗigon fumfuna a jikinsa, da kuma ko mai sayarwa ya san inda aka ɗebo shi da lokacin da aka ɗebo.